Gilashin Bayan Motata

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da tuƙi, sai ga shi rana tsaka ɗan da na haifa ya miƙo mini hannu a tsakar gidana, wai in ba shi makullin motata. Ni fa! Ni da na nuna masa bambancin birki da totur, lokacin da ƙafarsa ke rawa a kan kuloci, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Alƙali muke ce masa tun yana ƙarami, don ko kaji biyu ya ga suna faɗa sai ya tsaya ya yanke hukunci. Yanzu ya girma, ya ajiye gemu, ya ajiye tumbi, amma halin na nan inda yake.

Bari in faɗi abin da ya faru tsakani da Allah. Motata irin mai buɗaɗɗen saman nan ce, mai rufin tamfol da ake naɗewa ta baya in an ga dama. Tsohuwa ce, shuɗiya, ni na saya wa kaina da na ajiye aiki, don na gaji da zaman kujerar gefe ina kallon masu koyo suna gurje mini giya. Tagar bayanta ba gilashi ba ce, wata roba ce mai kauri da aka ɗinke a jikin tamfol ɗin. An ce da tana sabuwa tas ake gani ta cikinta. Ni dai ko da ta zo hannuna ta fara yin rawaya, shekara shidan da ta yi a wurina kuma suka ƙarasa ta. Ta dushe, ta yi zane-zane, ta tsage a kusurwa ɗaya inda take lanƙwashewa.

Ranar wata Asabar ce da safe, ana yayyafi, shi ya sa na ɗaga rufin. Na tayar da mota, na sa ribas, na ɗora hannu a bayan kujerar gefe, na juya na duba kamar yadda na koya wa rabin garin nan. Ban ga komai ba. Na saki kuloci a hankali, sai na ji ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin tayar baya. Na taka birki.

Alƙali ne ya fara fitowa, da kofin shayi a hannunsa, don ya zo mini hutun ƙarshen mako da iyalinsa. Keken 'yarsa ne mai ƙafa uku ya lotse a ƙarƙashin motar, a gefensa kuma ga jan takalminta ƙafa ɗaya. Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa daga bakin namiji ba. Ya yar da kofin, ya kwanta a cikin taɓo yana leƙa ƙarƙashin mota yana kiran sunanta. Sai ga jikar tawa ta leƙo daga kicin tana cin biskit, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Yayyafin ne ya kore ta daga kan keken, ko minti biyu ba a yi ba.

Na ji tsoro, wannan ba zan ɓoye ba. Amma ni tsoro ba ya daɗewa a jikina, nan da nan yake komawa faɗa.

"Mama, ba ni makullin," in ji Alƙali, bayan ya miƙe, rigarsa duk taɓo.

"Robar nan ce," na ce. "Zo ka zauna ka duba da kanka, in ka ga ko ginin gidan nan ta cikinta, ka kira ni maƙaryaciya."

"Ba robar ba ce kaɗai. Idonki ne. Sau nawa kina zuba shayi a gefen kofi? Rannan Auta ta tsaya a bakin get, kika tambaye ta wa take nema."

"Rana ce ta haske ni."

"Mu je asibiti a duba."

"Ka je kai, tunda kai ne ba ka da lafiya. Likita in ka kai masa kanka da ƙafarka, sai ya lalubo maka cuta ko a farce ne."

Hannunsa na nan a miƙe. Matarsa ta rungume yarinyar tana kuka a bakin ƙofa. Auta, ƙanwarsa da ke zaune tare da ni, ta tsaya tana murza yatsu. Na zare makullin na jefa masa, ya cafe.

"Riƙe," na ce. "Amma ka saurare ni da kyau. Zan sa a cire robar nan a sa gilashi. Ranar da aka gama, za a jera bokiti shida a tsakar gidan nan, a ajiye kujera a ƙarshe, irin jarrabawar da na yi wa kowane ɗalibina. In na taɓa bokiti ɗaya, ka kai makullin rijiya ka jefa. In na wuce, ka dawo mini da abina a gaban kowa, kuma kada in sake jin kalmar asibiti a gidan nan."

Auta ta ce, da 'yar muryarta, "Mama, ai ba sai an jira gilashi ba. A sauke rufin gaba ɗaya mana, ki gwada yanzu."

Na watsa mata harara. "Wa ya sa bakinki? Da rufi aka zarge ni, da rufi zan wanke kaina."

Alƙali ya ce ya yarda. Ni kuwa na shige ɗaki na rufe ƙofa, ban tsaya na tambayi kaina dalilin da ya sa shawarar Auta ta ba ni haushi haka ba.

Ranar Litinin Auta ta ja motar zuwa wurin Mai Kushin, mai ɗinkin kujeru da rufin mota, don ita kaɗai yayanta ya amince ya bar wa makulli. Na zauna a kujerar gefe, ƙafata sai taka ƙasa take yi tana neman birkin malami, wanda babu shi a wannan motar. Auta tana tuƙi kamar ta ɗauko ƙwai a faranti. Kafin mu isa na gyara mata riƙon sitiyari sau huɗu, ta ce, "To, Mama," sau huɗu.

Shagon Mai Kushin yana ƙarshen layin masu gyaran mota. Soso jibge har rufi, kujerun mota da aka feɗe an jingina su da bango, ga wani ƙaton keken ɗinki baƙi a tsakiya, warin gam kuwa tun daga titi yake tarbar mutum. Shi kansa gajere ne mai furfura, da alli maƙale a bayan kunne. Yana ganina ya ajiye almakashi ya washe baki.

"A'a! Malama! Ke ce da kanki? Ba ki gane ni ba ko?"

"Muryar dai na sani," na ce.

"Ai ni ne wanda kika kayar saboda murfin tukunya."

Ya juya wajen Auta yana dariya. "Ba ki san halin mahaifiyarki ba. Na yi ribas tsakanin bokitan nan, ko ɗaya ban goga ba, na tsaya daidai gaban kujera. Ina ta murna. Sai ta ce, ‘Me ka gani a baya?’ Na ce, ‘Kujera.’ Ta ce, ‘Me ke kan kujerar?’ Ashe kafin in tayar ta zagaya ta ɗora murfin tukunya. Ban gani ba, don ni lissafin sitiyari nake yi, ba kallo ba. Ta ce in dawo wata mai zuwa. Wallahi har hawaye na yi."

"Kuma ka taɓa take wani tun daga ranar?" na tambaye shi.

"Ko kaza."

"To, ka gode mini, ka zo ka duba wannan."

Ya zagaya bayan motar, ya shafa robar, ya danna ta da yatsa. "Ta mutu murus. Aikin yini ɗaya ne, in farke ta in ɗinka sabuwa."

"Ba roba nake so ba. Gilashi."

Ya cire allin daga kunne ya mayar. "Malama, wannan rufin ba a yi shi don gilashi ba. Kin ga, in za a sauke shi, robar ninkewa take yi biyu ta shige ramin da ke bayan kujeru. Gilashi kuwa ba ya ninkuwa. Ranar da kika sauke rufin, ƙarafunan nan za su matse shi, sai dai ki ji tas, ki kwashe da tsintsiya."

"Ba a taɓa yi ba ne, ko kai ne ba ka iya ba?"

"Ana yi. Amma wahala ce, kuma dole ya fi robar ƙanƙanta. Sabuwar roba fa tas take, shekara uku ba za ki yi kuka da ita ba."

"Roba ce ta ja mini wulaƙanci a gaban surukata. In ka sa wata robar, gobe abu kaɗan ya faru a ce ido, ni in ce roba, a yi ta ja. Ina son abin da ba wanda zai iya yi wa ƙazafi. Ka sa mini gilashi, ko in tafi wurin wanda bai faɗi jarrabawa ba."

Ya dafe ƙirji. "Kai, Malama! Har yanzu bakin nan bai huce ba."

Kwana tara aka yi ana aikin, kuma kullum ina wurin. Auta ta sauke ni da safe a motar haya, in zauna a kan wata kujerar bas da aka cire wa baya, in sa ido. Ya fara da auna ramin bayan kujeru, ya yanka kwali daidai faɗinsa, ya rage yatsa huɗu ta kowane gefe. Daga kwali ya koma falanki, ya yanka shi siffar gilashin da za a yi, ya ɗaure shi a kan tsohuwar robar da tsumma, sannan muka sauke rufin a hankali, ni ta dama shi ta hagu. Karon farko ƙarfen rufin ya cije falankin a kusurwa. Ya ciro ya goge da takardar yashi. Karo na biyu falankin ya tsaya a tsaye ya ƙi kwanciya. Ya zauna ya yi tagumi, ya ce da an bar maganar nan. Na ce masa ya tashi, ba a kawo ni nan in kalli tagumi ba. A ƙarshe dabara ta zo masa: ya ɗinka wasu maɗaurai biyu ta ciki, waɗanda za su fara kwantar da tagar kafin ƙarafuna su sauko. Karo na uku falankin ya kwanta lumui a cikin ramin, rufin ya bi ta kansa. Har tafi na yi, kuma ni ba mai yawan tafi ba ce.

Falankin aka kai wa mai gilashi ya yanka daidai da shi, ya gasa, don in tsautsayi ya sa ya fashe ya zube ƙanana, kada ya yanki mutum. Mai Kushin ya ce da zarar an gasa shi ke nan, ko gashin kai ba a iya ragewa. Da aka kawo, ya farke tsohuwar robar, ya yanko sabon tamfol ninki biyu, ya ɗinka masa baki, ya shafe gefen gilashin da wani baƙin gam mai kauri, ya cusa shi tsakanin ninkin biyu, ya matse da itatuwa. Ya ce kwana biyu ba mai taɓawa, ko ni.

Tsohuwar robar kuwa na ce a naɗe mini ita, zan kai wa Alƙali tsaraba.

Ranar da aka kwance itatuwan, Auta ta tafi ofis, ni kaɗai ce a shagon da Mai Kushin. Ya goge gilashin ciki da waje da takarda har tana ƙara. Na sa hannu na shafa, sumul, sanyi. Ya buɗe mini ƙofar direba da kansa.

"Bismillah, Malama. Zauna ki ga duniya."

Na zauna. Na ɗora hannu a bayan kujerar gefe, na juya.

Hazo. Irin dai wanda na bari a jikin robar, fari-fari, kamar madubin banɗaki bayan an yi wanka da ruwan zafi. Ina ganin hasken ƙofar shago, ina ganin wani duhu-duhu da ke motsi, shi ke nan.

"Ka bar gam a jiki," na ce.

"A ina?"

"Ko'ina. Sake gogewa."

Ya sake gogewa. Ina jin ƙarar takardar, ina ganin inuwar hannunsa tana kai da komo. Ya gama ya koma baya ya tsaya. Na sake dubawa. Babu abin da ya canja.

"Mai gilashin nan ya cuce mu," na ce. "Ya ƙona shi wajen gashi."

Ya zagayo ya tsuguna a bakin ƙofar motar, ya yi ƙasa da murya. "Malama, na ɗaga miki hannu a baya yanzu. Yatsu nawa na nuna?"

Shekara sittin da bakwai, ban taɓa rasa amsa ba sai ranar.

"Kai ne za ka yi mini jarrabawa? Kai?"

"Gilashin nan tas yake, Malama. Daga nan ina karanta lambar motar da ke tsallaken titi ta cikinsa."

"To, ka yi ta karatu, Allah ya ba da sa'a. Ɗinki na kawo maka, ba duba ido ba. Kuma in na ji wannan magana a bakin Auta, ni da kai ne."

Ya ce, "Ba za ki ji ba." Ya miƙe ya koma wurin kekensa, bai sake yi mini wasa ba har aka zo ɗaukata.

Na sani. A nan cikin shagon na sani, kuma in gaskiya za a bi, na sani tun ranar da Auta ta ce a sauke rufi. Amma sanin abu daban, miƙa wuya daban. Motar nan ita ce kasuwata, ita ce zumuncina, ita ce in tashi in fita ba tare da na ce wa kowa don Allah ba. In aka karɓe ta, saura me? In zauna a falo ina jiran wanda zai sami sarari ya kai ni gaisuwa? Ina!

Saboda haka na shirya yin abin da na kayar da mutane a kansa shekara talatin da ɗaya. Tsakar gidan nan na san shi fiye da tafin hannuna. Bokitan kuma ni na tsara yadda ake jera su, taku bakwai tsakanin kowane biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Kwana uku ina fita da hantsi, in Auta ta tafi aiki, ina takawa da baya-baya daga rumfar mota zuwa bango ina ƙirgawa. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce lafiya? Na ce motsa jiki nake yi. Na san in marfin ƙofata ya zo daidai bokiti, zan juya sitiyari sau ɗaya da rabi, in ƙirga huɗu, in mayar. Abin da ke kusa da ni ina ganinsa, ko da dishi-dishi. Sauran kuwa hannuna ya sani ko ido bai taya shi ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, wato abin da ake ɗorawa a kan kujera. Sai na ce wa kaina, shekara ashirin da biyu ke nan da na koya wa Alƙali tuƙi, mutumin da ke manta inda ya ajiye tabaransa alhali yana kan hancinsa. Ya manta.

Ranar Asabar da la'asar suka hallara. Alƙali ya zagaya motar ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ya ce aiki ya yi kyau. Na miƙa masa naɗaɗɗiyar robar na ce ya rataya a falonsa. Auta ta jera bokitai yadda na ce. Shi ya ɗauko tsohuwar kujerar katako daga kicin ya kai ta gindin bango. Surukata ta ɗauki yarinyar ta saɓa a kafaɗa, ta tsaya can kan baranda, ta riƙe ta gam. Wannan riƙon ya yi mini ciwo fiye da duk maganar da aka faɗa.

Ya ba ni makulli. Na shiga, na gyara kujera, don Auta ta matso da ita har sitiyari na taɓa ciki. Na tayar. Na sa ribas, na ɗora hannu a bayan kujerar gefe, na juya, na zuba wa sabon gilashina ido kamar mai gani. Can ƙarshe akwai wani duhu mai siffar kujera. Ban ga komai a kanta ba. Na ce a raina, ai na faɗa, ya manta.

Na saki kuloci. Bokiti na farko ya wuce ta gefena, na juya ɗaya da rabi, na ƙirga huɗu, na mayar. Na biyu. Na uku. Motar tana tafiya sulu-sulu, injin ko tari bai yi ba. A na biyar na ji Auta ta ja numfashi, na san na matse shi, na sassauta kaɗan. Na shida ya wuce. Na ƙirga bakwai, na taka birki, na ja birkin hannu da ƙarfi don kowa ya ji.

Auta ta ruga ta auna. "Taƙi ɗaya! Mama, taƙi ɗaya tsakaninki da kujerar! Ko bokiti ɗaya bai motsa ba!"

Na fito ina gyara mayafi. Daɗi ya cika ni har wuya, ba zan yi ƙarya ba. Na zare makullin na ɗaga shi sama.

"To, Alƙali, sai hukunci."

Ya tsaya yana kallona. Ya dubi wajen bango, ya sake dubana. Sannan ya ce, a hankali, "Kin wuce, Mama. Riƙe makullinki."

"Da ƙarfi, surukata ba ta ji ba."

"Kin wuce."

Na taka zuwa bayan motar don in ga taƙin nan da idona, in ƙara jin daɗi. Na dafa but ɗin motar, na sunkuya. A kan kujerar, daidai tsakiya, daidai saitin gilashin, ga jan takalmin jikata ƙafa ɗaya.

Bai manta ba. Yaya ma zai manta? A cikin 'ya'yana shi kaɗai ya ci jarrabawata a karon farko. Cokali na ɗora masa a ranar, ya ce cokali ne, har ya ƙara da cewa wutsiyarsa a lanƙwashe take.

Na ɗauki takalmin. Bai cika tafin hannuna ba. Na daɗe ina riƙe da shi, sannan na ji faɗan ya taso mini tun daga ƙafa.

"Zo nan," na ce.

Ya zo.

"Kai ka ɗora wannan?"

"Ni ne."

"To, me ya hana ka tambaya?"

Ya sunkuyar da kai. Ƙaton mutum da gemu. "Na ga yadda kika fito kina murna, Mama. Rabon da in ga fuskarki haka tun kafin ki bar aiki. Na kasa."

"Ka kasa! Ka ji mini sakarci! Wato saboda kada ran tsohuwa ya ɓaci, za ka miƙa mata mota, 'yarka na yawo a tsakar gidan nan? Haka na koya maka? Mutum nawa suka yi kuka a gabana, ka taɓa jin na ce wa ɗaya ya wuce don tausayi? Tambaye ni!"

"Mama, don Allah..."

"Na ce ka tambaye ni!"

Auta ta toshe baki da hannu. Alƙali ya ɗago, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Me kika gani a baya?"

"Ban ga komai ba," na ce, kuma na faɗa da ƙarfi yadda na kan baranda za ta ji. "Ko kujerar da ƙyar. Ƙirgawa na yi. Kwana uku ina taka tsakar gidan nan da baya kamar mahaukaciya. Gilashin tas yake, idona ne ya yi yana. Na faɗi. Kai ma ka faɗi, kuma taka faɗuwar ta fi tawa muni."

Sai jikata ta miƙo hannu daga kafaɗar uwarta tana cewa a ba ta takalminta. Na je na sa mata da kaina, na ɗaure maɗaurin da lalube.

Na dawo na kama hannun Alƙali, na danƙa masa makullin, amma ban saki ba.

"Ka ji ni da kyau. Ba ƙwace ka yi ba, aro na ba ka. Jibi da sassafe za ka zo ka kai ni wurin likitan idon nan naka, a cikin motata, ba a cikin wannan akwatin naka ba. In sun kankare abin da za su kankare, za a sake jera bokitan nan. Kuma duk wanda ya ɗora abu a kan kujera ya ƙi tambayata, zai gane kurensa."

"To, Mama."

"In kuma sun ce ba ya kankaruwa, ni zan faɗa, ba kai ba."

"To, Mama."

Na sake masa makullin.

Ranar Litinin ya zo tun kafin in gama shan shayi. Na zagaya na buɗe ƙofar gefe da kaina, na zauna a kujerar da na yi shekara talatin da ɗaya a irinta. Ya shiga, ya tayar, ya kai hannu zai sa giya.

"Madubi," na ce.

Ya gyara madubi. Ya sa ribas, ya ɗora hannu a bayan kujerata, ya juya. Ya daɗe yana kallo.

"Me ka gani?"

"Komai, Mama. Get, da bishiya, da shanyar maƙwabta. Har wata kyanwa a kan katanga." Ya haɗiye yawu. "Gilashin nan tas yake."

"Na san tas yake," na ce. "Ni na sa aka yi shi. Saki kulocin a hankali, kada ka kashe mini mota."